Waken Kaskon Baba

Kwanakin baya na aiki jikata kasuwar Azare ta sayo mini kasko mai faɗi, marar zurfi, mai kauri a gindi. Ta daɗe ba ta dawo ba, da ta dawo kuma sai ga ta riƙe da farantin ƙarfe mai walƙiya. Ta ce ta zaga wajen masu tukwane kaf, ba kasko sai na turaren wuta, kuma tsohuwar da take gina irin wanda nake nufi an ce ta rasu, cikin 'ya'yanta ba wadda ta gaji ginin. Na karɓi farantin na jujjuya, na miƙa mata na ce ta kai wa uwarta, za ta san abin da za ta yi da shi. Yarinyar ta zaci fushi na yi. Ba fushi ba ne. Wake nake so in gasa irin na ubana, ga shi har abin da za a gasa shi a ciki ya riga ni barin duniya.

A Katagum aka haife ni, lokacin garin ya fara yin shiru, don manya sun riga sun tattara sun koma Azare, sun bar mana tsofaffin soraye da kukoki da jemagu. Amma shirun wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Yanzu in an ɗauke wuta sai ka ji gari tsit kamar an yi rasuwa. A da kuwa, tun kafin rana ta fito za ka ji luguden taɓare daga gida zuwa gida, kowace mace da irin bugunta, har ina iya gane dakan Innata daga bakin rijiya. Ka ji kukan jakunan masu itace, ka ji guga tana faɗawa ruwa, ka ji shanun Fulani suna gangarawa fadama, matansu na tafe a baya suna kiran nono. Aikina na safe ɗebo ruwa da sharar tsakar gida, da hantsi in zauna tsince tsakuwa daga hatsi, da yamma in kora awaki. Ba a tambayar yarinya ko ta gaji. Inna takan ce hannun da ya zauna shi ne yake fara ciwo, kuma in ta faɗi haka to tsintsiya tana kusa.

Mu huɗu ne a gidan: Baba, da Inna, da Yayana namiji wanda ya girme ni sosai, sai ni auta. Ubana baƙo ne, baƙon da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba. Fari ne sol, idanunsa kamar na mage, gemunsa ja-ja. Mutane suna kiransa Baturke, mu kuma 'ya'yan Baturke. Shi dai yakan girgiza kai ya ce shi ba Baturke ba ne, Turkawa ne suka ɗauke shi soja yana saurayi daga wani ƙauye na Musulmi a cikin duwatsu, a wata ƙasa da yake kira Makedoniya. Suka ƙetare teku da shi, suka ajiye shi gadi a wani gari na tsakiyar hamada. Da mulkinsu ya watse a can, aka manta da shi da 'yan'uwansa, ba jirgi, ba guzuri. Ya bi ayarin raƙuma ya faɗo Borno, daga Borno ya yi ta gangarowa yamma har ya sauka a zauren kakana na wajen uwa, wanda shi ma mutumin Borno ne. Kakan ya ga mutum mai salla, mai sana'ar hannu, marar kowa, ya ba shi 'yarsa.

Baduku ne. Yana ɗinka takalma da guga da jakunkunan fata, zaurenmu kullum warin jima da bagaruwa. Hausarsa a karkace take, ba ta taɓa miƙewa ba. Yakan ce wa Inna "kai", ya ce wa Yaya "ke", mu yi ta dariya a ɓoye, Inna ta harare mu alhali ita ma tana danne tata. Ba mai yawan magana ba ne. Labarin ƙasarsu sai ya ga dama. Wani lokaci yana cikin ɗinki sai ya ce a can sanyi yakan sauko daga sama fari kamar auduga, ya rufe gidaje har bakin ƙofa. Mu ce, "Baba, to wa yake kaɗa audugar?" Ya yi murmushi ya ci gaba da huda fata. Bai taɓa koya mana harshensu ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Da wa za ka yi magana da shi?" Ban sake tambaya ba.

Abu ɗaya ne ya taho da shi daga can wanda hamada ba ta ƙwace ba, shi ne girkin wake. Ya gina wani ɗan tanderu na laka a bayan ɗakin Inna, mai baki ƙarami. Ya je wajen maginiyar tukwane ya zauna a gabanta yana gwada mata da hannu, faɗin kaza, zurfin kaza, har ta gina masa kaskon da yake so. Duk ranar Alhamis da yamma zai auni farin wake ya ce in tsince, ya jiƙa shi ya kwana a ruwa. Juma'a da safe ya ɗora a wuta da kansa, in ya tafasa ya zubar da ruwan farko ya sake wani. Kanwa kuwa ko kusa da tukunyar bai yarda a kawo ba. Inna takan ce, "Wake ba kanwa ai sai gobe zai nuna." Shi kuma ya ce, "Bari shi. Ba shi sauri, ni ma ba ni sauri." In waken ya yi laushi bai fashe ba, sai ya soya albasar fadama da yawa a man gyaɗa har ta yi zaƙi, ya zuba dakakken busasshen tattasai, man ya koma ja. Ya haɗe su a kasko da gishiri da ɗan na'a-na'a, ya kwantar da tattasai guda a sama, ya janye garwashin tanderu gefe, ya tura kaskon ciki ya toshe bakin da guntun fasasshiyar tukunya. Sannan ya yi wanka ya tafi masallaci.

Kafin a sauko daga Juma'a ƙamshin ya cika unguwa. In ya buɗe tanderun, saman waken ya yi ƙanzo ja, mai yana ɓulɓulowa ta gefe, cikin kuma laushi kamar man shanu. A kaskon muke ci, ba a juyewa, da gurasa in an samu alkama, in ba a samu ba da ragowar tuwo. Sunan abincin a bakinsa "tabce girabce", mu yara muka gajarce shi muka ce girabci. Maza sun yi masa surutu da farko, namiji da gemu a bakin murhu. Kawuna har zaure ya zo ya ce abin kunya ne, a bar wa mata aikinsu. Baba ya saurare shi har ya gama, ya shiga ciki ya fito da kaskon ya ajiye a gabansa. Daga ranar Kawu bai ƙara maganar ba, sai dai duk Juma'a hanyarsa daga masallaci takan biyo ta ƙofarmu. Baba yakan ci kaɗan ne. Ya ɗebo a cokalin itace ya duba ƙwayar, ya ce waken ƙasarsu ya ninka wannan girma, kamar kan babban yatsa, amma wannan ma ba laifi. Wani lokaci sai ya ajiye cokalin ya zuba wa garu ido, mu kuwa muna ta wawaso.

Yanzu wake a buhu yake zuwa, da warin maganin ƙwari a jikinsa. A watsa shi a tukunyar ƙarfe, a danna masa kanwa, kafin ka yi alwala an ce ya nuna. Yara su ci a tsaye, kowa da nasa kwano, kowa ya kama gabansa. Ba na ce musu komai. Ba su san yunwa ba, Allah kada ya sa su sani, shi ya sa ba su san wake ba.

Shekarar da na fara zama budurwa fara ta sauka. Damina ta yi kyau, gero ya yi kai, wake yana fure a ƙarƙashinsa. Wata rana da hantsi muka ga gabas ta yi ja kamar hadari, amma ba iska, ba sanyi. Sai muka ji ƙarar, wani irin shuu mai kama da ruwa a kan ganye. Gari ya fita gaba ɗaya, maza da mata da yara, ana buga ƙwarya da tasa, ana kunna hayaƙi, ana kabbara. Rana ta dushe. Suka sauka a kan komai, har rassan bishiya suna karyewa don nauyinsu. Da suka tashi, gonarmu ta zama karan tsaye kawai, ko ganye ɗaya babu. Yaya shi ne manomin gidan, don Baba bai taɓa iya riƙon fartanya ba. Na gan shi ya tsuguna a tsakiyar gonar ya dafe kai, saurayi ƙato, yana kuka kamar yaro.

Abin da ya rage mana na wake ragowar na bara ne, bai cika ƙwarya ba. Yaya ya tsince shi ƙwaya ƙwaya, Inna ta cuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci, aka zuba a ɗan tulu aka liƙe bakin da laka, aka tura ƙarƙashin gadonta. Iri ne. Ko yaro ya san ba a taɓa iri. Daga nan tanderun Baba ya huce, kaji suka mai da shi wurin ƙwai, har kajin ma aka cinye su.

Ba na son yawan tuna wannan rani. Mun ci dusa, mun ci tafasa da yaɗiya, mun shiga tafkunan fadama muna tono bado har ƙafafunmu suka tsattsage. Mata suna sussukar ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke ciki. Luguden safe ya ɗauke a garin, don ba abin dakawa, kuma wannan shirun ya fi yunwar ban tsoro. Ba mai ɗinka takalmi, ba mai sayen guga. Baba yakan zauna a zaure da basilla a hannu ba fata a gabansa. In an kawo abin da aka samu, sai ya ce ya ci a waje, ya tura mana. Mun san ba wani waje, amma yunwa ta sa muka yi kamar mun yarda.

Da bazara ta yi tsanani, wata rana bayan azahar Baba ya miƙe daga buzun salla sai ya faɗi. Aka ɗauko shi aka shigo da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. An yi rubutu, wanzami ya yi ƙaho, an yi duk abin da aka sani. Da ya farfaɗo ya buɗe baki, sai muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. Hausar ta tafi. Barbarcin da yake yi da dangin Inna ya tafi. Ba abin da ya rage a harshensa sai salati da kuma yaren ƙauyensu, wanda ya binne tun kafin a haife mu. Yakan dubi Inna ya yi ta magana, a hankali, da alamar tambaya, ita kuma ta ce, "Na'am, Malam. Sannu, Malam," hawaye na zuba. Kawu ya nemo wani Balarabe ɗan kasuwa da ya sauka a garin. Mutumin ya tsuguna ya kasa kunne, ya gwada Larabci, ya gwada ɗan Turkancin da ya sani, ya miƙe ya ce wannan harshe bai taɓa jin sa ba. Haka ubana ya kwanta a tsakiyar iyalinsa, yana magana ba mai amsa masa.

Ya ƙi cin komai. In na kai masa kunun dusa sai ya kau da kai. Jikinsa ya zube, idanun nan suka faɗa ciki. Wata safiya ina goge masa baki, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya faɗi wata kalma, ya sake faɗa. A cikin duk abin da yake faɗi, ita kaɗai na sani.

Na fito na sami Yaya a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na shirin shuka. Na ce, "Yaya, Baba girabci yake so."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji shi tun jiya."

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Me zan ce? Da me za a yi shi?" Sai ya ɗago ya dube ni, ya rage murya. "Auta, ki saurare ni. Kin ga tulun nan, shi ne abincinmu na baɗi, ni da ke da Inna. Ba mai ba mu iri bana, kowa nasa yake ɓoyo. Baba tafiya zai yi, ko ya ci ko bai ci ba. Ki yi kamar ba ki gane ba. Ai ba ma gane sauran."

Na ce, "Amma wannan na gane."

Ya ce, "To ki manta."

Ba mugunta ba ce. Yaya ya fi kowa son Baba, shi yake ɗaga shi, shi yake yi masa alwala. Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun a lokacin. Ashe Inna tana bayan danga tana jin mu. Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan abu a ƙasa, ta fito rungume da tulun, ta ajiye a tsakar gida ta ɗauki taɓarya.

Yaya ya miƙe. "Inna, don Allah. Inna, ki duba mu."

Ta ce, "Na duba ku. Ku kuna da ƙasa, kuna da dangi, kuna da bakin roƙo. Wannan bawan Allah tun da ya shigo gidan ubana bai taɓa roƙona komai ba. Yau ya roƙa, da kalma ɗaya da ta rage tsakaninmu da shi, in ce ban ji ba?"

"In ruwa ya sauka me zan shuka?"

"Allah yana nan."

Ta doki bakin tulun, lakar ta farfashe. Yaya ya tsaya yana kallon tokar da ta zubo, sannan ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Inna ta dube ni ta ce, "Ke kika zauna kusa da shi yana yi. Ni ban taɓa kula ba. Ki yi masa yadda yake yi."

Na bakace tokar, na wanke waken, na jiƙa shi ya kwana. Washegari na share tanderu na haɗa wuta. Albasa babu, sai ɗan gabu, busasshen ganyenta, da na samu a ƙasan wata ƙwarya. Tattasai guda ɗaya ya rage a rataye, ya yi baƙi. Man gyaɗa kuwa an manta kamanninsa a garin. Na je wajen wata Bafulatana maƙwabciyarmu, ta kankaro mini ɗan man shanu a gindin ƙwarya, bai fi a shafa a leɓe ba. Na zubar da ruwan farko kamar yadda yake yi, ko da yake raina bai so ba, don a shekarar ruwan wake ma abinci ne. Na haɗa, na tura a tanderu, na toshe, na zauna a gabansa. Da ƙamshin ya fara tashi, na ga yaran maƙwabta sun jeru a bakin danga, sun zuba ido kawai.

Da na buɗe, waken ya nuna, saman ya yi ƙanzo, amma a bushe yake, ba wannan jan man da ke ɓulɓulowa. Na ɗauka da tsumma na kai ɗaki. Inna ta tallafo Baba ta jingina shi a ƙirjinta. Tun kafin in durƙusa ya buɗe ido, hancinsa na motsi. Na ɗebo a cokalinsa na hura na kai bakinsa. Ya karɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki kafin ya haɗiye. Ya karɓi na biyu. Sai hawaye suka gangaro masa, ya dube ni, ya dubi kaskon, ya ce, "Maiko."

Na dubi Inna. Ya sake cewa, da ƙarfi kaɗan, "Maiko. Maiko."

Inna ta ce a hankali, "Maiƙo yake cewa. Bai ji mai ba." Ta sunkuya kansa ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, babu mai a garin. Wallahi babu." Shi kuwa yana ta faɗa, yana miƙa hannu, ba ga kaskon ba, ba gare mu ba. Na ajiye cokalin na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba. Mun fasa irinmu, mun ɓata wa Yaya rai, kuma abin bai yi ba. Kalmar Hausa ɗaya da ta dawo bakinsa, ta dawo ne don ya gaya mini girkina bai yi daidai ba. Bai ƙara ci ba. Ragowar waken kuwa, Inna ta raba wa yaran bakin danga, ta ajiye wa Yaya nasa, ya dawo ya gani bai taɓa ba. Baba ya rasu kafin Juma'a ta zagayo, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, cikin dangin matarsa.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Kawu ya taimaka mana da ɗan irin gero, wake kuwa ko ƙwaya ba mu shuka ba, geron ma bai yi abin kirki ba. Yaya ya yi noman har kaka, bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba, bai kuma taɓa ambaton tulun ba, amma dariyarsa ta tafi. Da aka gama girbi ya ce zai bi samari aikin haƙar kuza can ƙasar kan dutse, ya samo abin da za mu ci. Ya durƙusa Inna ta sa masa albarka. A bakin zaure ya dafa kaina ya ce, "Ki kula da ita." Saƙonsa ya zo sau ɗaya, da ɗan turmin atamfa. Daga baya wani da suka tafi tare ya dawo ya ce tari ya kama shi a can, sanyin wurin bai karɓe shi ba, har ya rasu. Ko kabarinsa ba mu sani ba. Inna ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba. Amma daga shekarar ba ta ƙara sa wake a bakinta ba.

Aka yi mini aure a Azare, na ɗauko Inna ta zauna tare da mu. Na haihu, na yaye, na sake haihuwa. Lokaci lokaci nakan gasa waken ga maigidana da yara, a tanderun da na sa aka gina mini, kuma kullum sai na cika masa mai har ya yi iyo. Maigidan yakan yi dariya ya ce ko man kyauta ake ba ni. Ban taɓa gaya masa dalili ba.

Zamanin da cinikin gyaɗa ya buɗe, manyan motoci suka fara zuwa Azare, maigidana ya sami aikin awo a wani kanti. Akwai wani Bature makanike da ke gyara motocin, ba irin Turawan mulki ba, talaka ne, kullum hannunsa baƙi da man inji. An ce yaƙi ne ya koro shi daga ƙasarsu. Wata rana maigidan ya dawo ya ce mini, "Kin san abin mamaki? Baturen nan na gan shi yana dafa wake a gwangwani, yana zubar da ruwan farko kamar yadda kike yi. Na ce masa matata ma haka take yi, ubanta ya koya mata, girabci suke ce masa. Wallahi sai da ya saki abin da ke hannunsa."

Ranar Juma'a na gasa kasko guda na ba maigidan ya kai masa. Na ce, "In ya ci, ka tambaye shi ko maiƙon ya isa."

Da la'asar ya dawo da kaskon an sharce shi tas. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire hula ba. Ya ce mutumin ya ci yana kuka, ya ce tun da ya bar gida bai ji wannan ɗanɗano ba. "Sai na tambaye shi yadda kika ce. Na ce, maiƙo fa, ya isa? Ya ɗago a firgice ya ce me na ce. Na sake faɗa, na nuna masa man. Sai ya girgiza kai ya ce shi ba mai ya ji ba. Wai a harshensu, in yaro zai kira uwarsa, haka yake cewa. Maiko. Kamar mu ce, wayyo Inna."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maigidan yana ta tambayata ko lafiya. Na tashi na shiga ɗakin Inna. A lokacin ta tsufa ƙwarai, idanunta sun rufe, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa kusa da kunnenta na gaya mata duk abin da aka ce, tun daga kaskon har zuwa kalmar.

Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Ni kuwa ina ta ba shi haƙuri a kan mai." Ta ƙara matse hannuna. "Yana ƙirjina fa, Auta. Da na san uwarsa yake kira, ai da na amsa masa."